Daga Gona Zuwa Filin Fareti: Kwanakin Farko na Kurtu

 

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne horon da akan ba sabon soja a kwanakinsa na farko a bariki, watau lokacin da ake kiransa kurtu. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin jami'a da kurtu? Ga abin da ya haɗa su. Babu shekarar da za ta wuce ba a ga samarin ƙauyukanmu sun tattara takardunsu na sakandare sun nufi wurin tantance masu neman shiga soja ba. Wanda Allah ya nufa da samu, sai ya hau mota daga Gwaram, ya bi ta Birnin Kudu da Wudil da Kano, ya sauka a Zariya. Daga ranar nan iyayensa ba su ƙara jin ɗuriyarsa sosai sai bayan wata da watanni, sa'an nan ya komo musu kai a aske, jiki ya tsuke, murya ta sake, tafiya ta sake. Uwa ta dube shi ta rasa ko ɗanta ne aka mayar mata ko kuwa musanya aka yi. In iyayen nan suna son bayani, ku za su tambaya, domin ku ne 'yan bokon gida. Ya kamata a ce kuna da amsar da ta fi "haka aikin soja yake".

Mu fara da harshenmu, domin shi ne shaida ta farko. Soja, kurtu, farabiti, kofur, saje, samanja, hafsa, fareti, bariki, gadirum, banati, begila, duk kalmomin Ingilishi ne waɗanda bakin Bahaushe ya tauna har suka yi laushi suka zama nasa. Kalma ba ta shiga harshe haka sai ta daɗe tana yawo a tsakanin mutane. Har ma kurtu ta fita daga bariki ta shiga kasuwa, ana cewa wane kurtu ne a sana'ar, watau bai goge ba tukuna. Yawan kalmomin nan yana nuna mana cewa tun kafin a haɗa Nijeriya ta zama ƙasa ɗaya masu jin Hausa suke cikin wannan aiki.

Tarihin rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya yakan fara ne daga 1863, sa'ad da wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Glover ya tara mutum 18 'yan Arewa a Ikko, galibinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga ya koya musu fareti. Ku riƙe wannan a ranku, domin zan komo kansa: sojojin farko mutane ne da aka riga aka raba da garuruwansu. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga nauyin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da WAFF, aka yi ta ɗaukar mutane ana horar da su a wajen Lakwaja da Jabba. Turawa suna kiransu Hausawa, amma da yawansu ba Hausawan haihuwa ba ne. Akwai Zabarmawa da Barebari da Dakarkari da Nufawa da Yarabawa da sauransu, Hausa ce kawai ta haɗa su, har aka wajabta wa hafsoshi Turawa su koye ta. Irin Hausar da ta tashi a tsakaninsu, mai gajerun jimloli, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ita ce masana harshe ke kira Barikanci.

To, me aka koya wa mutanen nan har suka ci garuruwan da suka gagari sarakunan yaƙi? Kakanninmu ba baƙin yaƙi ba ne. Wannan yanki namu na kudu maso gabashin ƙasar Kano ya sha fama da hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kuma mutanensa sun san doki da lifidi da kwari da baka. Amma yaƙinsu na jarumta ne, kowa yana so a ga ƙwazonsa, a yi masa kirari da sunansa da na ubansa. Abin da Bature ya kawo dabam ne. Ya kawo mutum hamsin waɗanda za su motsa kamar mutum ɗaya, su tsaya inda aka ce su tsaya, kada su harba sai an ce su harba, ko da kuwa dawaki sun taso musu a sukwane.

Misalai biyu sun isa. A watan Fabrairu na 1903, bayan an ci Kano, mayaƙan Kano masu komowa daga Sakkwato tare da Waziri Ahmadu sun yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa a Kwatarkwashi. Sojojin ba su kai hamsin ba. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu, kowane ɓangare yana fuskantar waje, dawakin Kano suka yi ta kawo hari suna komawa, sahun bai karye ba. A nan Waziri ya yi shahada. Bayan shekara uku, a Fabrairun 1906, wata ƙungiyar sojan doki ta nufi ƙauyen Satiru kusa da Sakkwato. Mutanen Satiru talakawa ne, makamansu gatari da fartanya da kibiya. Suka auka wa sojojin tun ba su gama daidaita sahunsu ba, suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Bindigogin da aka riƙe a Satiru ba su kasa na Kwatarkwashi ba. Sahu ne ya tsaya a wuri ɗaya, ya watse a ɗayan. Ba na faɗin haka don in yabi wanda ya ci ƙasarmu da yaƙi, kuma abin da aka yi wa Satiru a wata mai biye, da abin da aka yi wa Haɗeja a Afrilun shekarar, sananne ne. Ina so ne ku gane cewa faretin da muke kallo muna dariya, hagu dama hagu dama, makami ne, har ya fi bindigar da ke hannun mai yinsa muhimmanci.

Su ma Turawan ba da shi aka haife su ba. A wajen 1590 ne wani shugaban yaƙi na ƙasar Holan, Maurice na Nassau, ya farfaɗo da tsarin horon Rumawan da, ya rarraba ɗura bindiga da harba ta zuwa ƙananan matakai, kowane mataki da kalmar umurninsa. Wani littafin zane da aka buga a 1607 ya nuna fiye da mataki 40 na sarrafa bindiga guda. Manufar ita ce a maimaita har hannu ya haddace, ta yadda ranar da tsoro ya kama zuciya hannu zai ci gaba da aikinsa. Wanda ya yi karatun allo ya san wannan hikima. Yaron da ya yi tilawar sura sau ɗari, ko daga barci aka tashe shi zai kawo ta.

A 1924 aka kafa makarantar horar da kurata a Zariya, wadda mutane ke kira Defo. Ta haura shekara ɗari ke nan tana karɓar farar hula tana fitar da soja. Horon kurtu na yau da kullum yakan ɗauki kimanin wata shida, amma tsofaffin soja duk sun haɗu a kan cewa makonnin farko su ne masu wuya, kuma a cikinsu ne mai gudu yake gudu.

Bari in bi da ku cikinsu daki-daki. Abu na farko aski. Saurayi ya zo da gashin da ya daɗe yana gyarawa, cikin minti biyu an zubar da shi ƙasa. Sai a karɓe kayan gida da wayar hannu, a ba shi kaki da takalmi da sauran kayan aiki iri ɗaya da na kowa. Sai a ba shi lamba, a sa shi cikin kamfani, a nuna masa gadonsa a cikin dogon ɗaki tare da mutanen da bai taɓa gani ba, wani daga Kalaba, wani daga Ogbomosho, wani daga Zuru, wani daga Gboko. A gida shi ɗan wane ne, jikan wane, ana gaishe shi saboda ubansa. A nan ba wanda ya san ubansa, ba kuma wanda ya tambaya. Ɗan hakimi da ɗan maƙeri tsintsiya ɗaya za a miƙa musu.

Sa'an nan lokaci ya fita daga hannunsa. Tun kafin asuba an tashe shi, in lokacin hunturu ne kuwa sanyin Zariya ba ya bukatar a gabatar da shi. Gudu a kan hanya ana waƙa, motsa jiki, shara, wanka a gurguje, abinci a gurguje, fareti har rana ta take, aji, fareti kuma, wanke kaki, goge takalmi, duba ɗaki. Ba ya tafiya a hankali a cikin bariki, kome da gudu ne. Ba ya magana da na gaba da shi sai a tsaye ƙyam. Kofur ɗin da ke horar da shi ba ya roƙo, ba ya bayani, tsawa ce daga safe har dare. In ya yi kuskure ga tsallen kwaɗo, ga birgima a ƙasa. Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne a hukunta shi saboda laifin wani. Mutum ɗaya ya makara, sahu duka ya sha wuya. Ran farko zai ga zalunci ne tsantsa. Kafin mako uku sai ka same shi yana tashin maƙwabcin gadonsa da kansa, yana gyara masa ɗamara, yana duba masa igiyar takalmi, ba tare da ya tambayi addininsa ko garinsu ba. Wannan shi ne abin da ake nema tun farko.

Bindiga ba ta zuwa hannunsa don harbi sai daga baya. Zai fara koyon ɗaukarta, da kwance ta, da goge ta, da mayar da ita, har ya iya yi ido rufe. Sa'an nan a je filin harbi, a koyi tsallake shinge, da karanta taswira, da ɓuya a daji, da kwana a rami. Amma waɗannan ilmi ne, kowane mai lafiya zai iya koyonsu. Aikin makonnin farko ba a kan ilmi yake ba, a kan mutumin ne kansa.

Masana zaman jama'a sun yi nazarin wannan. Erving Goffman, a littafinsa na 1961, ya sa bariki a layi ɗaya da kurkuku da asibitin masu taɓin hankali da gidajen masu zuhudu, ya ce dukansu wurare ne da mutum yake barci da aiki da hutu a ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma dukansu sukan fara da tuɓe wa sabon shiga alamomin da ya san kansa da su. Tun kafinsa, a 1909, Arnold van Gennep ya nuna cewa al'ummomi da yawa suna bin mataki uku in za su ɗaga mutum daga wani matsayi zuwa wani: a ware shi, a tsare shi a wani hali na tsaka-tsaki, sa'an nan a mayar da shi cikin jama'a da sabon suna. Ba sai mun je Turai neman misali ba. Ku tuna yadda ake yi wa yara kaciya a ƙauyukanmu a da. A tara sa'o'i a lokacin sanyi, a keɓe su a ɗaki guda, a hana su kukan raki, ranar fita a yi musu sababbin kaya a yi shagali. Waɗanda suka kwanta ɗaki ɗaya kuwa, zumuncinsu har tsufa. Faretin yaye kurata, inda iyaye ke zuwa kallo ana kaɗa badujala, ranar fita ce.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, watau daɗin da ke cikin abin. Masanin tarihi William McNeill, wanda aka ɗauka soja a Amurka a 1941, ya rubuta littafi guda a 1995 a kan yadda taka ƙasa tare, a kan kiɗa ɗaya, yake sa mutane su ji sun zama jiki ɗaya. Manomin da ya taɓa shiga gayya ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Fartanya talatin suna sauka tare, makaɗi yana bayansu, gajiya ba ta zuwa sai an tashi. Shi ya sa tsohon soja zai ba ka labarin wahalar Defo yana dariya har da hawaye.

Zuwa nan na faɗi amfanin tsarin, kuma ina ganin duk wanda ya ce a horar da soja ba tare da matsi ba bai san abin da ake shirya shi dominsa ba. Yanzu sai mu juya ɗaya gefen, domin a nan ne maganata take.

Na ce ku riƙe cewa sojojin farko mutane ne da aka raba da garuruwansu. Wannan ya yi wa mai mulkin mallaka daidai, domin sojan da zai tura ya karɓi haraji ko ya ƙone ƙauye bai kamata ya ga ƙanen uwarsa a cikin mutanen ƙauyen ba. Saboda haka horon wancan zamani ya tsaya a kan biyayya, bai damu da mayar da soja cikin jama'a ba. Mataki biyu na farko aka yi, aka bar na uku. An sa masa jar dara da gajeren wando, ya daɗe yana fareti ba takalmi, albashin farabiti sule guda a rana, hafsoshinsa duka Turawa, kuma bulala tana cikin hukuncin da doka ta yarda a yi masa har zuwa 1946. Mutumin da aka daka, aka kuma nuna masa cewa na ƙasa da shi kawai zai iya hucewa a kansa, in ya fito gari wa zai samu? Talaka. Daga nan ne Bahaushe ya ɗauki soja abin gudu, kalmar bariki kanta ta ɓaci, har "ɗan bariki" ya zama wanda ya bar tarbiyyar gida. Malamai da masu sarauta ba su ba da 'ya'yansu, sai marayu da 'yan ci-rani da waɗanda gari ya yi wa zafi. Ba don rashin jarumai ba ne a cikinsu. Samanja Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, ya yi yaƙin duniya na farko da na biyu, kuma da wani zamani ne da ya zama babban hafsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe ƙofar da ƙarfi. An ɗebi dubban samari daga lardunan Arewa, sau da yawa ta hannun hakimai da dagatai, aka kai su Habasha da Somaliya a 1941, daga baya kuma aka kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Bama ta nahiyar Asiya, wadda yanzu ake kira Miyanma. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin mayaƙan da ake kira Cindit, waɗanda aka sauke a bayan sahun Japanawa a 1944, kuma sunansu ne barikin da Defo take ciki a Zariya yake ɗauke da shi. Waɗanda suka komo sun komo da tuƙin mota da kanikanci da ɗan Ingilishi, sun kuma ga Bature yana tsoro yana mutuwa kamar kowa. Wannan ya taimaka wa siyasar neman mulkin kai, amma zance ne na wata rana.

Da 'yanci ya matso, shugabannin Arewa suka farga cewa ƙyamar nan za ta cuce su. A 1958 aka sa tsarin kaso wajen ɗaukar ƙananan sojoji, rabi daga Arewa, rubu'i daga Gabas, rubu'i daga Yamma, a 1961 aka faɗaɗa shi zuwa hafsoshi. Sardauna da Muhammadu Ribaɗu, Ministan Tsaro daga 1960 zuwa 1965, suka yi ta kwaɗaita wa 'yan makarantun sakandare shiga soja. Yau kason na jiha-jiha ne, kuma Jigawa tana da nata tun da aka ƙirƙiro ta a 1991. Gurbin da ɗan Gwaram bai nema ba, ba a ajiye masa shi.

Darasi mafi tsada a kan muhimmancin horon farko shi ne na yaƙin basasa. Kafin 1967 sojan Nijeriya bai wuce kimanin dubu 10 ba, kafin 1970 ya kai wajen dubu 250. Babu makarantar da za ta iya horar da wannan adadi yadda ya kamata a cikin wata talatin, don haka aka taƙaita horon zuwa 'yan makonni, aka miƙa wa yara bindiga aka tura su daji. Da yawa sun mutu mutuwar da horo zai iya karewa, kuma bayan yaƙin ƙasa ta shafe shekaru tana fama da sojoji masu yawa, marasa isassun barikoki, zaune a cikin gari suna rigima da jama'a. Wanda ya ji tausayin kurtu ya rage masa kwanakin horo, bai taimake shi ba.

To, ina muke yau? Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, daga baya kuma ga 'yan bindigar daji a Zamfara da Katsina da Sakkwato, yaron da ya gama Defo ba zaman bariki yake zuwa yi ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai a tura shi fagen fama ba da daɗewa ba. Wannan ya sa tambayoyi biyu suka zama wajibi a kanmu.

Ta farko, biyayyar da aka dasa a makonnin farko alkawari ce mai ɓangare biyu. Kurtu ya ba da wuyansa bisa fahimtar cewa na sama zai ba shi makami mai aiki da abinci da albashi a kan kari, kuma ba zai jefa shi halaka a banza ba. In ɓangare ɗaya ya saɓa, tsawar kofur ba za ta riƙe ɗayan ba har abada. A watan Mayu na 2014 sojoji a barikin Maimalari na Maiduguri sun harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta kuma yanke wa wasu 54 irinsa a Disamba saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa suna cewa ba a ba su kayan aiki ba. A ƙarshen 2015 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma. Dukansu sun bi ta horon farko, an aske su, sun yi tsallen kwaɗo. Horon bai gaza ba, amanar da ke ƙarƙashinsa ce ta tsage.

Ta biyu ita ce ta fi damuna. In an shafe makonni ana nuna wa yaro cewa rayuwarsa ta da ba kome ba ce, ana kiran farar hula da sunan raini, wa zai koya masa daga baya cewa farar hular nan shi ne ubangidansa, da harajinsa aka sayi bindigar? Abin da ya faru a Odi a 1999, da Zaki Biam a 2001, da Zariya kanta a Disambar 2015, inda hukumar binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ta ce an kashe fararen hula fiye da 340, manyan al'amura ne da umurni daga sama yake da hannu a cikinsu. Amma ƙaramin abin da muke gani a shingen hanya, a sa direba tsallen kwaɗo a gaban fasinjojinsa, ko a mari dattijo saboda bai sauka daga babur da wuri ba, wannan kai tsaye daga filin fareti ya fito. Abin da aka yi wa yaron a matsayin horo shi yake yi wa wanda bai shiga soja ba, bai kuma yi rantsuwar kome ba. Rundunar tana koyar da dokokin yaƙi da haƙƙin ɗan Adam a aji, wannan gaskiya ne. Sai dai abin da aka koya wa jiki da asuba ya fi abin da aka faɗa wa kunne da azahar zama, musamman ga wanda barci ke fizga. A ganina, in ana so darasin ya kama, kofur ɗin da ke tsawa a filin fareti shi ne zai koyar da shi, da irin muryar da yake koyar da sauran, kuma a hukunta wanda ya ci zarafin farar hula a gaban kurata kamar yadda ake hukunta wanda ya bar bindigarsa ta yi tsatsa. Wajibi ne kuma masu horarwa su san iyakar da ke tsakanin matsi da mugunta. Matsi yana da manufa da ma'auni da likita a kusa. Duka don huce haushi ba ya ƙara wa kowa jarumta.

Saura abin da ya shafe ku kai tsaye, ku da za ku koma gida hutu ku tarar da ƙane yana shirin tafiya. Ku gaya masa gaskiya. Rundunar takan sanar cewa neman shiga kyauta ne, ta intanet ake cikawa, saboda haka duk wanda ya ce a sayar da akuya ko a jinginar da gona a ba shi kuɗin gurbi, macuci ne. Ku taimaka masa ya cika takardunsa daidai, sunan da ke kan shaidar haihuwa ya dace da na takardar makaranta da na shaidar ƙaramar hukuma, domin a kan harafi ɗaya ana mayar da mutum gida. Ya fara gudu da safe tun wata biyu ko uku kafin tafiya. Yaron da ya saba da noma yana da ƙarfi da juriyar rana, amma gudun dogon zango da takalmi mai nauyi wani abu ne dabam. Kada ya ɓoye ciwo wurin gwajin likita, musamman na ƙirji ko farfaɗiya ko sikila, domin abin da ya ɓoye a wurin tantancewa zai bayyana a filin gudu, inda ba uwa ba uba. Ya ƙoƙarta da Ingilishi, domin zamanin da Hausa ke harshen umurni ya wuce. Ku faɗa masa cewa tsawar da za a yi masa ba ƙiyayya ba ce, kowa ake yi wa, kuma tana da ranar ƙarewa. Wanda ya san haka tun daga gida ba ya tsallake katanga a mako na biyu. 'Yan mata ma ana ɗaukarsu, kuma shawarar duka ɗaya ce.

Iyaye kuma ku gaya musu shirun makonnin farko ba alamar sharri ba ne, tsarin ne haka. In an sa ranar yaye, wanda ya sami hali ya je. Yaron da ya hango mahaifinsa da babbar riga a cikin 'yan kallo ya san cewa har yanzu shi ɗan wani ne, daga wani gari. In ya zo hutu, a zaunar da shi a tabarma ɗaya da sa'o'insa, a aike shi kamar da, a yi masa faɗa in ya yi ba daidai ba, kada a mayar da shi dodon da za a riƙa tsorata maƙwabta da shi a rigimar iyakar gona. Ku ma da kanku, wanda ya gama digiri yana da ƙofar shiga a matsayin hafsa ta gajeren horo, kuma wata rana kurata ɗari za su tsaya a gabansa suna jiran abin da zai ce.

Malam shugaba, na ga ana miƙo mini takarda cewa lokaci ya cika, kuma akwai masu tambaya.